Kafin A Zuba Ruwa: Daidaita Mazaunin Tankin Murjani A Gida



An nemi mu yi magana a kan kiwon murjani da kifin teku a cikin tankin gilashi a gida. Kifin da murjanin za mu taɓo su kaɗan ne kawai. Inda za mu daɗe shi ne kan teburin da tankin ke zama bisa, wanda daga nan za mu riƙa kira mazauni, da yadda ake daidaita shi ya zauna lebur, ya kuma tsaya daram. Dalilinmu kuwa shi ne, kusan kome a wannan kiwo yana gyaruwa bayan an fara shi. In gishiri ya yi yawa a ƙara ruwa, in fitila ta gaza a sake wata. Mazauni kaɗai ne ba ya gyaruwa sai an kwashe ruwa da duwatsu da dukan mai rai, an koma ranar farko.

Abin da ake ɗora wa mazauni

Murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ƙashin wata ƙaramar halitta ce ta cikin teku. Danginta na tekuna masu ɗumi su ne ke taruwa dubbai bisa dubbai, suna gina tsaunukan farar ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Mafi girma shi ne wanda ke gabashin Ostareliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300. Mafi kusa da saninmu kuma su ne na Bahar Maliya, a gaɓar Port Sudan da Jidda, tekun da alhazanmu na dā suka riƙa ƙetarewa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa tsaunin Sanganeb na Sudan cikin wuraren gado na duniya. Gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba ta da irin waɗannan manyan tsaunuka, saboda haka abin da mai kiwo zai sa a tankinsa daga nesa yake zuwa, da tsada, kuma murjani mai ƙashin dutse ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Wanda tankinsa ya fashe da dare ya yi asarar dukiya, ya kuma hallaka halittun da suka yi shekaru suna girma.

Ajiye halittun teku a gida ya daɗe. A 1832 wata Bafaranshiya mai suna Jeanne Villepreux-Power ta ƙera akwatunan gilashi a tsibirin Sisili domin nazarinsu, a 1853 kuma aka buɗe gidan kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na Landan. Tankunan wancan zamani ƙarfe ne ke riƙe da gilashinsu, ruwan gishiri kuwa ba ya shiri da ƙarfe. Sai a shekarun 1960 aka soma haɗa gilashi da gilashi da gam ɗin silikon kawai. Wannan ya kawar da tsatsa, amma ya mayar da dukan amanar ruwan ga wani siririn layin gam. Mu riƙe wannan batu, domin za mu komo gare shi.

Lissafin nauyi

Mu ɗauki tanki madaidaici, mai tsawon santimita 120, faɗi 60, zurfi 60. In an cika shi fal zai ci lita 432, amma da yake ba a cikawa har baki, mu ce lita 400, watau jarka 16 mai cin lita 25. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Ruwan teku ya ɗan fi nauyi, don kowane kilo nasa yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, saboda haka lita 400 za ta kai kilo 410. Gilashi mai kaurin milimita 12 yana da nauyin kilo 30 a kowace murabba'in mita, fuskoki biyar na tankin namu kuwa sun kusa murabba'in mita 3, ga kilo 86 ke nan. A ƙara duwatsu da yashi. A ƙara ƙaramin tankin tace ruwa da ake ɓoyewa a cikin mazaunin, shi da ruwansa kamar kilo 100. A ƙara mazaunin kansa. Jimla za ta doshi kilo 700.

Kilo 700 buhun siminti 14 ne, an jibge su a wurin da bai kai shimfiɗar ƙaramar tabarma ba, kuma ba za su motsa ba har shekara goma ko fiye. Ƙa'idar gini ta Ingila ta tanadi benen gidan zama ya ɗauki kimanin kilo 150 a kowace murabba'in mita, ta Amurka kuwa kimanin kilo 195. Waɗannan alƙaluma na nauyin da aka baza a ɗaki duka ne, don haka wuce su a ɗan wuri guda ba ya nufin bene zai rufta. Amma tankin namu ya kusa kilo 1,000 a murabba'in mita, wannan kuwa ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya dubi inda zai ajiye shi.

Bayan danna ƙasa, ruwa yana tura gefe. Tun 1586 masanin lissafi Simon Stevin, mutumin Bruges, ya nuna cewa ƙarfin turin ruwa ya danganta ga zurfinsa. A tankin namu gilashin gaba kaɗai yana fama da turin da ya kai nauyin kilo 185, dare da rana, kuma in aka ninka zurfin ruwan sau biyu turin zai ninka sau huɗu. Layin silikon ɗin nan ne ke riƙe da shi. Wanda ke shakkar ƙarfin ruwa ya tuna da AquaDom na Balin, tanki mai tsayin mita 16 da ke cikin wani otel, wanda ya fashe da asubahin 16 ga Disamba, 2022. Lita miliyan ɗaya ta kwararo har kan titi, kifi kimanin 1,500 ne a ciki, kusan duka suka mutu. Na falo bai kai ko kusa ba, amma jarka 16 ta ruwan gishiri a kan kafet da wayoyin lantarki ba ƙaramar masifa ba ce.

Karkata da murɗewa

A nan ne muke roƙon ku ba mu hankalinku, domin aibu biyu ne ake cakuɗawa, alhali ɗaya ya fi ɗaya haɗari nesa.

Na farko shi ne karkata. Saman mazauni a shafe yake sumul, sai dai gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. In tankin namu ya karkata da santimita ɗaya daga dama zuwa hagu, turin ruwa a gefen da ya fi zurfi zai ƙaru da kamar kashi 2 cikin ɗari, abin da gilashi mai kyau zai jure. Illar karkata ta fi bayyana a wasu wurare. Ruwa ba ya bin son ran mai tanki, shi kullum lebur yake kwanciya, saboda haka duk baƙon da ya shigo zai ga layin ruwa ya saɓa da bakin gilashi. Daɗin daɗawa, tankin murjani yana da magudana a sama, inda ruwa ke tsallakawa ya gangara zuwa tankin tacewa. In ta karkata, gefe ɗaya ne zai yi aiki, sai maiƙo da ƙura su taru a fuskar ruwa, su rage haske da iskar da halittun ke bukata. In karkatar ta gaba ce kuwa, nauyin ya rinjayi wajen da yara ke tsayawa kallo.

Na biyu shi ne murɗewa, shi ne kuma mai kashe tanki. A nan kusurwa uku sun sami abin zama, ta huɗu tana reto, ko da da kaurin katin waya ne. Iyayenmu sun san abin da ya sa duwatsun murhu uku ne: tukunya ba ta rawa a kan uku, ko ƙasa ba ta daidaita ba. Da zarar ƙafafu sun zama huɗu, sai an yi aiki kafin duka su taɓa ƙasa tare. In mazauni mai ƙafa huɗu ya zauna daidai, kowace ƙafa tana ɗauke da kilo 175. In ɗaya ta ɗage, kusan dukan nauyin zai koma kan ƙafafu biyu masu kallon juna ta kusurwa, kowace ta ɗauki abin da ya kusa kilo 350. Mazaunin zai lanƙwasa ya bi ƙasa, gindin tankin kuma ya so ya bi mazaunin. Gilashi yana jure danni sosai, amma ba ya jure murɗa. Ko dai gindin ya tsage, ko kuma silikon ya riƙa ɓamɓarewa a hankali, wata da watanni, ba wanda ya sani, har ranar da zai saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zaɓen wuri

Aikin yana farawa daga ƙasa. Daɓen siminti a hawa na ƙasa shi ya fi kowane, amma kada a ɗauka lebur yake, domin magina da yawa sukan ɗan gangarar da shi wajen ƙofa saboda ruwan wanki. In tayil ne, a ƙwanƙwasa kowane ɗaya da maƙulli. Wanda ya yi ƙarar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, zai kuma fashe in ƙafar mazauni ta hau shi. Kafet yana lotsewa sannu a hankali, kuma ba ya lotsewa daidai, don haka gwamma a naɗe shi ko a yanke wurin.

Wanda ke zaune a bene ya jingina tankin kusa da bango mai ɗauke da gini, ko kusa da ginshiƙi. Ya guji tsakiyar ɗaki, ya kuma guji barandar da ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. A ƙasashen da ake shimfiɗa bene da katako, kamar Ingila da Amurka, ana ajiye tanki ya gitta katakan da ke riƙe da benen domin da yawansu su raba nauyin. Tsohon soro mai azara ba wurin wannan kaya ba ne. Mafi yawanmu gidan haya ko gidan gwamnati muke zaune, saboda haka neman izinin mai gida da shawarar injiniyan gini ya fi sauƙi bisa ga biyan diyyar maƙwabcin da ke ƙasa. A kuma bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin mazauni da bango, don bututu da wayoyi da hannun mai gyara.

Ƙirar mazaunin

Ko kafinta aka ba aikin ko mai walda, abubuwa uku za a nema. Na ɗaya, nauyi ya sauka daga katako zuwa katako har ƙasa, watau katakon sama ya zauna bisa kan ƙafar. In an manna shi a gefenta da ƙusa, ƙusar ce ke ɗauke da buhun siminti 14. Na biyu, mazaunin ya ƙi rangaji. Ƙafafu huɗu da sama kawai sukan kwanta gefe in an tura su, sai an rufe baya da gefuna da faifan katako mai ninki-ninki, ko an gitta ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa. Wannan ya fi muhimmanci a tankin murjani, domin ana sa masa injin kaɗa ruwa mai kwaikwayon igiyar teku, wanda ke tura ruwan dama da hagu sau dubbai a yini. Na uku, kayan ƙirar su jure gishiri. Allon da aka matse daga garin katako yana kumbura ya ruguje da zarar ya jiƙe, baƙin ƙarfe kuwa sai an rufe shi da fenti mai ƙarfi ciki da waje. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Yadda ake daidaitawa

Kayan aikin kaɗan ne: ma'aunin lebur na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, wanda Bafaranshe Melchisédech Thévenot ya ƙirƙiro wajen 1661, da rula, da zare, da weji na roba mai tauri. Kafin a amince da ma'aunin a gwada shi. A ɗora shi a dubi ƙwayar, sa'an nan a juya shi kai ya koma gindi a wuri guda. In ƙwayar ta sauya matsayi, ma'aunin ne ba shi da gaskiya. Wanda bai sami mai kyau ba ya yi amfani da siririn tiyo mai haske da aka zuba wa ruwa, yadda birkiloli ke yi, don ruwan bakin nan da na bakin can kullum tsayinsu ɗaya.

A ajiye mazaunin a wurinsa ba tanki. A auna wuri shida: gaba, baya, dama, hagu, da kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. Awon kusurwoyin nan biyu shi ke tona murɗewa. Akwai kuma dabarar kafintoci: a ja zare biyu daga kusurwa zuwa kusurwa su gitta a tsakiya. In sun taɓa juna ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, ko an sauya na sama ya koma ƙasa, kusurwoyi huɗun suna kan shimfiɗa ɗaya.

Daga nan a nemi kusurwar da ta fi tudu, a ɗago sauran su tarar da ita. Wurin weji tsakanin mazauni ne da ƙasa. Ba a sa shi tsakanin tanki da mazauni ko kusa, domin hakan zai tara nauyi a ɗigo ɗaya na gilashi. A cusa weji biyu-biyu suna fuskantar juna, siririn bakin wannan bisa kaurin wancan, don su ba da shimfiɗa madaidaiciya. In gindin mazaunin dogon katako ne, a cike giɓin da weji a kowace tazarar taki ɗaya, kada a bar tsakiya tana reto. Kwali da takarda da tsinken ashana ba weji ba ne, katako mai taushi kuma yana lotsewa ya ruɓe. In mazaunin ƙarfe ne mai ƙafafun da ake murɗawa, a sa faranti na ƙarfe a ƙarƙashin kowace don kada ta huda tayil, a kuma ɗaure notin bayan an gama.

Sai batun shimfiɗar soso. Tankin da gindinsa gilashi ne tsirara yana bukatar sama mai sumul da siririn soso na musamman, wanda zai shanye ƙwayar yashi ko ɗan ƙullin katako. Tankin da aka kewaye gindinsa da firam na roba kuwa bisa firam ɗin yake zama, soso mai kauri yana iya turo gilashinsa daga ƙasa. A bi umurnin wanda ya ƙera tankin. A kuma sani soso ba ya gyara karkata, ba ya gyara murɗewa.

Gwaji da ruwa

Idan an ɗora tanki, a zura takarda ƙarƙashin kusurwoyinsa. Bai kamata ta shige ko'ina ba. Sa'an nan a zuba ruwan daɗi, ba na gishiri ba, kamar zurfin yatsa biyu. Yanzu ruwan ya zama ma'auni. A auna daga bakin gilashi zuwa fuskar ruwa a kusurwa huɗu, a rubuta. Shawararmu ita ce kada bambancin ya wuce milimita 2 ko 3 a tsawon tankin, kusurwoyi masu kallon juna kuwa kada su nuna murɗewa ko kaɗan. Wanda ya ga kamar mun tsananta ya tuna babbar dalar Giza, wadda aka gina shekara 4,500 da suka wuce: kowane gefe na gindinta mita 230 ne, amma saɓanin tudu a gindin duka bai fi santimita 2 da 'yan kai ba.

A ƙara ruwa zuwa sulusi a auna, zuwa rabi a auna, a cika a auna. A bar shi kwana biyu ko uku, a sake aunawa, domin katako da weji da ƙasa duk sukan ɗan zauna in sun ji nauyi. In awo ya sauya, a kwashe ruwan kafin a taɓa weji. Buga weji a ƙarƙashin tanki cike yana jawo ainihin murɗewar da ake gudu. A wannan gwaji ne kuma za a kashe injin tura ruwa, a ga ko tankin tacewa zai iya karɓar ruwan da zai komo masa in an ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne gare mu. Soket ya kasance sama da inda ruwa zai iya kaiwa, kowace waya ta sauko ƙasa ta yi lanƙwasa kafin ta hau gare shi, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta nan take in ta sami hanyar zurarewa, don ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan daɗi. Gidan da ke da yara a ɗaure mazaunin da bango da ƙarfe ko ɗamara mai ƙarfi.

Bayan an gama

Daidaito ba ya dawwama don kansa. Hasumiyar Pisa ta Italiya an fara gina ta a 1173, ta soma karkata tun ana hawa na uku saboda taushin ƙasar da ke ƙarƙashinta, sai da aka rufe ta daga 1990 zuwa 2001 ana zaro ƙasa daga gefe ɗaya kafin a rage karkatar daga digiri 5.5 zuwa kimanin 4. A ƙasarmu katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, gara tana cin ciki ta bar fenti, baƙar ƙasa mai laka irin ta wasu sassan Borno da Adamawa kuma tana ɗagawa tana sauka da gini gaba ɗaya. Saboda haka a adana alƙaluman nan huɗu na ranar farko a jikin ƙofar mazaunin, a sake awo sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar hunturu. Ƙofar mazauni da ta soma cijewa, da farin gishiri da ya bushe a kan layin silikon, da ƙananan kumfa a cikin gam ɗin, duk alamu ne da ba a jinkirta dubawa.

'Yan'uwa, wannan aiki duka ba zai ci fiye da yini ɗaya na awo da kwana uku na jira ba, kuɗin weji da ma'auni kuma bai kai na kifi ɗaya ba. Mun san ɗokin mai sabon tanki, ya ƙosa ya ga ruwa da launuka. Amma sannu ba ta hana zuwa. Waɗanda ke karatun injiniya a cikinku za su ga darussan ajinsu ne muka kawo falo, sauran kuma muna fata in kun tashi ajiye kowane kaya mai nauyi a gida, tankin ruwan sha ne ko kabad ɗin littattafai, za ku fara da duban ƙasa da ƙafafu.